Yadda ake shirya kiɗan ɗaki mai haɗa kilasik da gargajiya a gidan adana kayan fasaha

Kiɗan ɗaki shi ne wanda mutane kaɗan, daga biyu zuwa kamar tara, suke yi ba tare da madugu mai sanda a gabansu ba, kowane makaɗi yana riƙe da muryarsa shi kaɗai, suna sauraron juna suna bin numfashin juna. A Turai ya taso ne a ɗakunan sarakuna da attajirai, kuma siffarsa da ta fi shahara ita ce ta masu tsirkiya huɗu, wato fayolin biyu da fiyola ɗaya da celo ɗaya (gogen Turawa ne dukkansu, fayolin ne ƙarami, celo babba), wadda Joseph Haydn ya daidaita mata tsari a ƙarni na 18. Shigar da irin wannan kiɗa gidajen adana kayan fasaha tsohuwar al'ada ce. Gidan Isabella Stewart Gardner da ke Boston a Amurka ya fara jerin wasanninsa tun 1927, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan an kwashe zane-zanen National Gallery na Landan an ɓoye su a yankin Wales, mai kaɗa fiyano Myra Hess ta riƙa shirya kiɗan rana a cikin ginin daga 1939 har zuwa 1946.

Abin da ya zo daga baya shi ne zaunar da makaɗin gargajiya a cikin wannan da'ira a matsayin abokin aiki. Ƙungiyar Silkroad da mai kaɗa celo Yo-Yo Ma ya kafa a 1998 ta haɗa celo da kayan kiɗan Sin da Iran da Indiya, ta kuma yi aiki a cikin gidajen kayan fasaha, ciki har da Art Institute na Chicago a shirin da aka yi tsakanin 2006 da 2007. A 2009 Ballaké Sissoko na Mali, mai kaɗa molon kora mai tsirkiya 21, da Vincent Ségal na Faransa, mai celo, sun fitar da faifan da suka ɗauka a Bamako. A 2017 kuma ƙungiyar Kronos ta Amurka, ta masu tsirkiya huɗu, ta fitar da nata tare da Trio Da Kali na Mali. A nan Nijeriya, marigayi Akin Euba ya daɗe yana haɗa gangunan Yarabawa da kayan kiɗan Turai. Duk wanda yake so ya yi irin wannan da goge ko gurmi ko sarewa yana da magabata da zai duba.

Yawancin shirin da ke lalacewa yakan lalace ne saboda an fara daga takarda. Mai tsara kiɗa ya zauna ya rubuta komai, sannan a nemo ɗaki, sannan a kirawo mai goge a ce ya cike gurbin da aka bar masa. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da ɗakin, a bi da makaɗin gargajiya, takarda ta zo a ƙarshe, domin a cikin ukun nan takarda ce kaɗai ake iya sauyawa ba tare da an yi ɓarna ba.

A fara da ɗakin da kayan da ke cikinsa

Matakin farko shi ne neman izini a rubuce daga shugaban gidan, kuma idan gidan na gwamnatin tarayyar Nijeriya ne, kamar Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Jos, to yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, don haka a ba wa takarda lokacin da za ta zagaya ofisoshi. Amma wanda maganarsa ta fi nauyi a wannan aiki shi ne jami'in da ke kula da lafiyar kayan, kuma da shi ya kamata a zagaya ɗakin tun kafin a ɗauki kowane alkawari da makaɗa. A tambaye shi abubuwa huɗu: mutum nawa ɗakin zai ɗauka, wane abu ne ba ya son girgiza, wane haske aka yarda da shi, da kuma tazarar da za a bari tsakanin kujeru da bango.

Dalilin waɗannan tambayoyi a fili yake. Manyan gidajen kayan fasaha sukan riƙe ɗakunansu tsakanin digiri 16 da 25 na ma'aunin Salshiyas, danshin iska kuma tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, kuma abin da ya fi cutar da katako da fata da zane shi ne sauyin gaggawa. Mutum ɗari da suka zauna a rufaffen ɗaki na sa'a ɗaya da rabi suna ɗaga zafi da danshi da numfashinsu da zufarsu. Ta fuskar haske, tufafi da takardu da zanen ruwa ba a so a wuce musu laks 50 (laks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), zanen mai kuma laks 200, alhali fitilar dandamali tana ninka wannan sau da yawa. Saboda haka makaɗan da ke karanta takarda sai su yi amfani da ƙananan fitilu masu batir da ake maƙalawa a kan sandar takarda, a bar fitilun ɗakin yadda suke. Ko gidan Gardner da ya shekara da shekaru yana kiɗa a ɗakin da ake rataye tsofaffin saƙe-saƙe, a 2012 ya mayar da wasannin wani sabon zaure mai kujeru kusan 300, aka bar tsohon ɗakin ga kayansa. Idan jami'in ya ce mutum sittin, to tikiti sittin za a buga, kuma gara a yi wasan dare biyu da a cusa jama'a.

Bayan haka sai a gwada amon ɗakin. A tsaya a inda ake tunanin makaɗa za su zauna, a tafa hannu da ƙarfi sau ɗaya, wani yana can ƙarshen ɗakin yana sauraron tsawon lokacin da amsa-kuwwa za ta ɗauka kafin ta mutu. Akwai manhajojin waya da ke auna wannan. Zauren da aka gina domin kiɗan ɗaki yakan riƙe amo tsakanin sakan 1.3 da 1.7, amma ɗakin baje koli mai daɓen tayil da gilasai da dogon rufi yakan wuce haka nesa ba kusa ba. A irin wannan ɗaki sarewa da celo suna daɗi, domin dogon amo yana yi musu ado, amma bugun kalangu mai sauri yakan cakuɗe har a kasa bambanta bugu da bugu. Maganinsa shi ne a shimfiɗa darduma mai kauri a ƙarƙashin makaɗa, a kawo kujeru masu katifa, a kuma tuna cewa jikin 'yan kallo da tufafinsu suna shanye amo, don haka ɗakin da ya cika ba ya amsawa kamar wanda babu kowa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin na tsofaffin gine-ginen Hausa, akasin haka yake: amonsa gajere ne, ya dace da molo da murya, amma mai fayolin zai ji kamar sautinsa ya bushe, sai a matso da jama'a kusa da shi.

A wannan ziyara kuma a saurari abin da ba kiɗa ba: ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, janareta, titi, da lasifikar masallacin da ke kusa. Idan babu wutar batir da za ta riƙe ɗakin, a kai janareta nesa da ginin, a gwada shi a kunne ana sauraro daga ciki.

Zaɓen makaɗa da kayan kiɗa

Mataki na biyu shi ne neman makaɗin gargajiya, kuma ba a yin wannan da wasiƙa. A je masa gida tare da wanda ya san shi, a gaisa yadda ya kamata, a kira shi da laƙabin da jama'arsa ke kiransa, ko Alhaji ko Malam ko sarautar kiɗan da yake riƙe da ita, a saurari kiɗansa a inda ya saba yi. Ba kowane gwani ne ya dace da wannan aiki ba. Akwai wanda ya ƙware matuƙa a gaban taron biki amma ba ya jure a tsayar da shi a ce a maimaita wuri ɗaya sau goma, kuma akwai mai fayolin da ya ci jarrabawa da yawa amma idan aka ɗauke takarda daga gabansa sai hannunsa ya tsaya. Ana neman mutanen da ke da kunne da haƙuri daga ɓangarorin biyu. Masu kayan Turai ana samunsu a sassan koyar da kiɗa na jami'o'i da kwalejoji, da majami'u, da ƙungiyoyin badujala na soja da 'yan sanda, da kuma cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Legas.

Wajen haɗa kaya, ƙarfin amo ne abin lura na farko. Goge da kukuma suna zama lafiya da fayolin da fiyola, domin dukkansu da izga ake goga su, kuma babu mai matakala a wuyansa da za ta tilasta wa yatsa wuri ɗaya. Gurmi da garaya da kuntigi amonsu gajere ne, yana fita ya mutu nan take, saboda haka sun fi kyau idan celo ya shimfiɗa musu dogon amo a ƙasa, ko kuma ya ajiye izga ya riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa kamar yadda suke yi. Sarewa tana tafiya da kusan komai. Algaita an yi ta ne domin fili, kuma a rufaffen ɗaki za ta danne masu tsirkiya huɗu gaba ɗaya. Idan lalle ana sonta, a tsayar da mai busa a wani ɗaki ko a farfajiya, amonta ya riƙa shigowa daga nesa. Daga cikin ganguna, ƙaramar kalangu ko ƙwarya da ake kaɗawa da tafin hannu sun wadatar. Babbar ganga tana girgiza gilasan da aka rufe kaya da su, kuma da wuya jami'in gidan ya yarda da ita. Fiyano kuwa a hanƙura da shi a karon farko: babba daga cikinsu yana kusan kilo 480, shigar da shi yana da haɗari ga daɓe da ƙofofi, kuma amonsa a kafe yake, ba ya rusuna wa kowa.

Akwai kuma kayan da ba kuɗi ke sa a fito da su ba. Kakaki da tambari na sarauta ne, ba a busa ko kaɗa su sai da yardar fada. Taken wani basarake ko na wata sana'a yana da mai shi, kuma idan aka kaɗa shi a gaban wanda ba nasa ba ne za a iya jawo magana. Wasu kaɗe-kaɗen goge da garaya na bori ne, kowane da iskan da ake kira da shi, kuma makaɗin da kansa zai iya ƙin kaɗa su a irin wannan wuri, wasu 'yan kallo kuma ba za su ji daɗin zama a ji su ba. A tambayi makaɗin kai tsaye abin da ya halatta a fitar da abin da bai halatta ba, kuma abin da ya faɗa shi ne hukunci. Haka ake yi a wasu ƙasashe ma: a Ostareliya, mai tsara kiɗa Peter Sculthorpe ya sake fasalin wasu ayyukansa domin su karɓi busar gargajiya ta William Barton, ɗan ƙabilar Kalkadoon ta 'yan asalin ƙasar, kuma an yi haka ne da shi Barton ɗin a cikin aikin.

Daidaita amo

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne ake gane ko haɗin na gaskiya ne. Makaɗan kilasik sun saba ɗaura tsirkiyarsu a kan amon da ke kaɗawa sau 440 a sakan ɗaya, wasu ƙungiyoyin Turai kuma 442, sannan suna raba tazarar da ke tsakanin amo da ninkinsa gida 12 daidai wa daida. Mai goge bai san wannan lissafi ba kuma ba ya buƙatarsa. Yana ɗaura tsirkiyarsa ta gashin wutsiyar doki gwargwadon muryar mai waƙa da yanayin ranar, kuma yawancin karin waƙoƙin Hausa a kan amo biyar suke tafiya, waɗanda tazararsu ba lalle ta faɗa daidai kan ta fiyano ba. Idan mai fayolin ya ji wannan bambanci ya ɗauka kuskure ne, ya fara gyara wa mai goge, to an rasa abin da aka zo nema.

Ƙa'idar ita ce wanda kayansa suka fi wuyar sauyawa shi ake bi. Sarewa ramukanta a huje suke, don haka idan tana cikin ƙungiya ita ce ke ba da amo, kowa ya ɗaura a kanta. Idan babu sarewa, mai goge ko mai gurmi ya ɗaura yadda ya saba, a ɗauki amon buɗaɗɗiyar tsirkiyarsa da manhajar auna amo a waya, a rubuta, sannan masu fayolin da celo su sassauta ko su ƙara ɗaure tasu har ɗaya daga cikin buɗaɗɗun tsirkiyoyinsu ta yi daidai da tasa. Ana iya saukar da tsirkiyar celo ko fayolin da rabin mataki ko mataki guda ba tare da wata illa ba, amma ɗaga ta sama da yawa yana matsa wa kayan. Daga nan sai makaɗin gargajiya ya kaɗa amonsa biyar ɗaya bayan ɗaya a hankali, sauran su nemo su da yatsa da kunne, mai tsara kiɗa kuma ya sa 'yar kibiya sama ko ƙasa a kan takarda a duk inda amon ya ɗan kauce wa na Turai.

Yanayi ma yana da hannu a ciki. A lokacin hunturu danshin iska a arewa yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, fatar guza ko ta damo da ke kan ƙwaryar goge ta ɗaure tamau, amon ya hau, katakon fayolin kuma yana iya tsagewa, don haka a ajiye shi cikin akwatinsa da ɗan soso mai laima a cikin leda mai huji. Da damina fata takan saki, amon ya sauka ya yi nauyi. Makaɗa sun saba gasa fatar kusa da garwashi ko su shanya ta a rana, amma ba a shiga gidan kayan fasaha da wuta ko wace iri ce. A tanadi na'urar busar da gashi a wani ɗaki na baya, a riƙa ɗumama fatar daga ɗan nesa ana taɓa ta da yatsa har ta dawo. Kuma ko wane lokaci ne, a shigo da kayan kiɗan ɗakin aƙalla sa'a biyu kafin wasa domin su saba da sanyinsa, in ba haka ba za a ɗaura su a waje su kwance a ciki. Abu ɗaya da ɓangarorin biyu za su tarar sun yi tarayya a kai shi ne ƙaron da ake shafa wa izga.

Tsara abin da za a kaɗa

Sai yanzu takarda ke shigowa. Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce makaɗin gargajiya ya fara: a ɗauki kiɗansa da rikoda, ko wanda ya gada ko sabon da ya ƙirƙira domin wannan aiki, mai tsara kiɗa ya tafi da shi ya rubuta, sannan ya gina muryoyin sauran kayan a kewayensa. Haka Kronos ta yi da Lassana Diabaté, mai kaɗa balafon (kayan kiɗa na jerin katako da ake bugawa) a Trio Da Kali: shi ya tsara kiɗan a kan kayansa, Jacob Garchik ya mayar da shi rubutu domin masu tsirkiya huɗu, kuma sunan Diabaté ne a matsayin mai kiɗan.

Mai rubutun ya kiyaye abubuwa uku. Na farko, kada ya cika jera amo uku-uku masu sauyawa kowane lokaci irin na Turai a ƙarƙashin karin da aka gina a kan amo biyar, domin hakan yakan mayar da karin kamar baƙo a gidansa. Dogon amo ɗaya ko biyu a ƙasa, da gajeren kari mai maimaituwa, da amsa irin ta 'yan amshi, sun fi dacewa. Tsarin jagora da amshi ma wata kyauta ce ga wannan aiki, domin masu tsirkiya za su iya zama 'yan amshin mai goge, daga baya a juya. Na biyu, idan akwai waƙa, kada a taɓa hawa da saukar karinta domin a samu jituwa da sauran muryoyi, saboda Hausa harshe ne mai karin sauti kuma waƙa tana bin hawa da saukar magana. Na uku, a bar wurare a buɗe. Makaɗin gargajiya ba ya ƙirga gaɓoɓi, yana tsawaita wuri idan ya ji ya yi daɗi, don haka maimakon a rubuta cewa za a maimaita sau takwas, a rubuta cewa za a yi ta maimaitawa har sai an ji alama, alamar kuma ta zama wani ɗan kari da shi ya zaɓa wanda kowa zai gane.

Tsawon shirin kada ya wuce minti 60 zuwa 75, ba tare da hutu ba, domin hutu yana nufin jama'a su tashi su yi ta yawo a tsakanin kaya. Yana da kyau kowane ɓangare ya fara kaɗa nasa shi kaɗai na 'yan mintuna, domin kunnen mai sauraro ya san kowanne da asalinsa kafin ya ji su a haɗe. Kuma tun da a gidan kayan fasaha ake, a zaɓi abu ɗaya ko biyu daga cikin kayan da ke ɗakin, ko riga mai aska ce ko zane ko sassaƙa, a gina wani sashe na kiɗan a kansa, jami'in gidan ya yi bayanin minti biyu kafin a fara. Fiye da haka ya zama lacca.

Zaman gwaji

Zaman farko a yi shi ba takarda. A zauna a da'ira, kowa ya nuna kayansa, makaɗin gargajiya ya koya wa sauran kari ɗaya da kunne har su iya. Wannan zama ne ke nuna wa masu karatun takarda inda nauyin bugu yake faɗawa, domin kiɗan da ke tafiya biyu a kan uku, wato wani na yin bugu biyu a daidai lokacin da wani ke yin uku, ana iya rubuta shi daidai a kaɗa shi ba daidai ba. Idan babu harshen da ya haɗa kowa, a samo tafinta wanda shi ma ya san kiɗa. A riƙa ɗaukar kowane zama da waya ana tura wa kowa, saboda wanda ba ya karanta takarda rikodin ne takardarsa. Zama huɗu zuwa shida na sa'a biyu-biyu sukan isa ga shirin sa'a ɗaya, kuma na ƙarshe dole ya kasance a cikin ɗakin da za a yi wasan, a lokacin da za a yi shi, da kujeru a jere.

A wannan zama na ƙarshe ake yanke shawarar zama da lasifika. Makaɗa su zauna a rabin da'ira yadda kowa zai ga hannun kowa, kuma idan makaɗin gargajiya ya saba zama a tabarma, a yi masa ɗan dandamali domin kansa ya yi daidai da na masu kujera, kada ya kasance a ƙasa ana kallonsa daga sama. Lasifika a guje mata in da hali. Idan gurmi ko kuntigi ya ɓace a cikin sauran, a fara da roƙon masu tsirkiya su rage ƙarfin amonsu, in bai isa ba a sa masa ƙaramin makirufo da ƙaramar lasifika a gindin kujerarsa, yadda amon zai fito daga inda yake zaune.

Kuɗi da haƙƙi

Kafin zaman gwaji na biyu a rubuta yarjejeniya, a karanta wa kowa da harshen da yake ji, a ba shi kwafi. Ladan makaɗin gargajiya kada ya gaza na mai fayolin, kuma idan karinsa ne aka gina aikin a kai, yana da ladan mai tsarawa ban da na kaɗawa. Sunansa ya fito cikakke a takardar shiri da allon talla. Rubuta "kiɗan gargajiya" kawai a inda ya kamata suna ya kasance cin haƙƙi ne, musamman idan an san wanda ya ƙirƙiri karin ko gidan da ya gada. Yarjejeniyar ta fayyace wanda ke da ikon ɗaukar bidiyo, da inda za a saka shi, da yadda za a raba abin da ya shigo daga YouTube ko wani dandali. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga ayyukan al'adun gargajiya, kuma Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da wannan, don haka idan za a sayar da rikodin a tuntuɓe ta tukuna. A kasafin kuɗi a sa ladan ƙarin lokaci na masu gadi da masu shara, da man janareta, da inshora idan gidan ya nema, da kuɗin jigilar kaya. Kayan gargajiya galibi ba su da akwati mai ƙarfi kuma ba a sayen madadinsu a kanti. A 2020 Ballaké Sissoko ya buɗe akwatinsa a Paris bayan dawowa daga Amurka ya tarar da molonsa na kora a wargaje. Goge da gurmi a hannun mai su za su yi tafiya, kada a jefa su a but ɗin mota tare da kujeru.

Ranar wasa

A sa lokaci yadda ba zai ci karo da salla ba, ko tsakanin la'asar da magariba ko bayan isha'i, a kuma tanadi wurin alwala da salla a wajen ɗakunan kaya. Jera kujeru a yi shi a gaban jami'in gidan, a bar tazarar da ya faɗa, wadda ba ta cika gaza mita ɗaya daga bango ko gilashi ba, a ja igiya, a bar hanyar fita a buɗe. Manyan jakunkuna da lema da abinci da ruwa duk a ajiye su a ƙofa, kuma a hana hasken kyamara. A tsayar da ma'aikaci ɗaya a kusa da kowane abu mai daraja da ke kusa da jama'a, fuskarsa tana kallon mutane.

Sai batun ɗabi'ar sauraro, wanda ya kamata mai gabatarwa ya warware tun kafin a fara. Masu zuwa kiɗan kilasik sun saba yin tsit har a gama, ba sa ko tafi a tsakanin sassa, alhali a wajenmu makaɗin da aka yi masa shiru yakan ɗauka bai burge ba, kuma guɗa da kirari da liƙi suna cikin abin da ke ƙara masa ƙarfi. Hana wannan gaba ɗaya yana kashe wa makaɗin gargajiya jiki, sake shi gaba ɗaya kuma yana nufin mutane su taso su yi cincirindo kusa da kayan da ba a so a taɓa. Mafita ita ce a faɗa wa jama'a sassan da ake roƙon shiru a cikinsu, a bar tafi da guɗa a ƙarshen kowane sashe, a ajiye ƙwarya ko faifai a bakin ƙofa domin mai son yin kyauta, sannan idan gidan yana da farfajiya a fita can a yi kiɗa na ƙarshe, inda mai liƙi zai yi liƙinsa, mai algaita ma ya samu fili.

Bayan jama'a sun watse, ba a fitar da kujera ko ɗaya sai jami'in gidan ya zagaya ya duba kayansa tare da mai shiryawa, an karanta ma'aunin zafi da danshi an gwada da na kafin wasa, an rubuta. Wannan rubutu shi zai nuna ko a karo na gaba za a ƙara kujeru ko a rage. A biya makaɗa a daren, kamar yadda aka saba a sana'arsu, kada a ce su jira takarda ta fito daga ofis, kuma cikin mako guda a tura wa kowannensu cikakken rikodin wasan tare da kwafin rubutaccen kiɗan mai ɗauke da sunansa.